Ƙorafi Kan Barin Othman Shi Kaɗai a Bakin Titin Jirgi

Mastura Husaini,
Nuzla, Jidda.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Walwalar Ma'aikata,
Alhaji Musaddiq Maiturare,
Kamfanin Kula da Filin Jirgin Saman Sharm Nadira,
Babban Ofishi, Jidda.

Ranka ya daɗe,

Game da: Halin da ƙanena Othman Husaini, mai korar tsuntsaye, yake ciki

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto da Hausa ne domin an ce kai ɗan gida ne. Ƙorafina shi ne:

1. A watan Maris na 2023 kamfaninku ya ɗauki Othman aiki a ƙaramin filin jirgin da ke sauke baƙin otal-otal na bakin teku. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin jirgi. An ce su biyu ne, shi da wani mai suna Bandar.

2. A watan Nuwamba aka mayar da Bandar ɗaukar kayan baƙi. Har yau ba a kawo madadinsa ba. Daga hantsi zuwa la'asar Othman yana can ƙarshen titi, teku a gabansa, rairayi a bayansa. An hana shiga da waya. Oba-obar hannunsa ba ta magana sai jirgi zai sauka, kuma ba kullum jirgi ke zuwa ba.

3. Ranar Juma'a, 21 ga Yuni, aka soke jirgin ranar, motar ma'aikata ta kwashe kowa zuwa masallaci, aka manta da shi. Ya kira hasumiyar kula da jirage ta oba-oba, shiru. Da ƙafa ya tako har masaukin ma'aikata cikin zafin da ka sani. Da ya iso, babu wanda ya tambaye shi inda ya fito. Shugabansa ya ce "khalas", wato magana ta ƙare, tunda ya iso lafiya.

4. Yanzu yana gida hutu. Mutumin da a da sai mun roƙe shi ya yi shiru, yau a kan soro yake wuni. Mahaifiyarmu, wadda idonta ya tafi, da murya take gane 'ya'yanta. Shekaranjiya ta tambaye ni yaushe Othman zai zo, alhali yana zaune a gefenta.

Ranka ya daɗe, bai taɓa kuka da aikinsa ba, bai ma san na rubuto ba. Ba na neman a dawo da shi Jidda, domin da aikin nan yake riƙe da mu. Ina roƙo a bincika abin da ya faru ranar 21 ga Yuni, a kuma tura masa abokin aiki, ko da wanda zai amsa masa sallama ne kawai.

Ranar Asabar, 14 ga wata, zai koma. Ina fatan a duba kafin nan.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ka fi haka.

Taka mai biyayya,
Mastura Husaini