Faifan da na rataya a babur

Dutse, daren Laraba, watan Sha'aban, 2003

Na kasa cin tuwo yau. Matata Binta ta tambaye ni, na ce mata ciwon kai ne.

Da safe yayanta, Yaya Habu, ya zo ofis daga Kiyawa da disket, ɗan abin nan da ake adana rubutun kwamfuta a ciki, wai zai buga katin walima. Suruki ne, ina zan iya hana shi? Na buɗe masa ɓangaren baƙi a kwamfuta, har ina cika baki cewa daga nan ba abin da zai taɓu. Ashe disket ɗin da cuta a ciki. Kafin azahar duk aikin da muka buga na wata guda ya lalace.

Da Injiniya Sani ya duba, sai ya ce tsarin kwamfutar ne yake da ɓaraka, duk wanda ya zauna gabanta, ko baƙo ne, abin da ya saka zai iya ƙwace ikonta gaba ɗaya. Sai ya juyo, a gaban Darakta, ya ce, "Malam Isa, ina faifan gyaran da na ba ka da damina? Shi ne maganin wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan duba."

Wallahi na san inda yake. Faifan CD ne, ban taɓa saka shi a kwamfutar ba. Ƙyallinsa ne ya burge ni, na ɗaure shi a bayan babur don masu mota su riƙa hango ni da dare.

Da aka tashi, Injiniya ya rako ni har wajen babur. Ya kalli faifan yana lilo, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Da ma zagina ya yi.