Fuskar Iskar Yamma

Fort Washington, Maryland
Watan Maris

Zuwa ga Yayana, Malam Abdul-Samad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Mubina da yara da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi. Baban Radiyya yana gaishe ka. Yara ma sun ce a gaishe ka, da Turanci dai suka faɗa, ni na mayar maka da ita Hausa.

Na rubuta wasiƙar da hannu kamar yadda kake so, zan ɗauki hotonta in turo ta waya. Tambaya gare ni, amma ka yi haƙuri in fara daga farko.

Ka san inda nake aiki a Alexandria, shagon gyaran tsofaffin saƙe-saƙe na Debbie, Baturiyar nan da ta ɗauke ni aiki saboda ta ga hular da na ɗinka wa Baban Radiyya. To, an kawo mana wata dardumar bango daga gidan wani dattijo mai suna Raymond, gadon kakarsa ce. A Turai aka saƙa ta da ulu da siliki, shekaru aru-aru da suka wuce. Girmanta ya kai bangon zauren gidanmu.

Yaya, iska suka saƙa. A tsakiya akwai jirgin ruwa ya karkata, da itatuwa sun rusuna, da wata mata tana riƙe da mayafinta da hannu biyu. Ganyen ma sun juya cikinsu mai fari-fari, kamar yadda na mangwaron gidan Inna ke yi in hadari ya taso. Ranar da muka shimfiɗa ta, sai da na kai hannu na dafe ɗankwalina. Wallahi ba ƙari na yi ba. Ban san zare zai iya haka ba.

A kusurwoyi huɗun kuma akwai kawuna cikin gajimare, kumatu a kumbure, suna hurawa. Debbie ta ce mutanen Girka na da can sun ɗauka kowace iska wani ne mai rai, da sunansa da halinsa. Ta faɗa mini sunayen, harshena ya ƙi su. Na arewa tsoho ne mai fukafukai, gemunsa ya daskare da ƙanƙara. Na kudu gashinsa na ɗigar ruwa, yana kifar da tulu. Na gabas a murtuke yake. Na yamma kuwa saurayi ne, furanni ke fitowa daga bakinsa. Shi ne asu ya cinye wa fuska. Daga ido zuwa haɓa rami ne, sai zaren tsaye kawai ya rage.

Mai dardumar yana son a mayar da fuskar. Da can aikin Debbie ne wannan, amma yanzu hannunta rawa yake yi, gaɓoɓin sun kumbura. Ta ce da ni, "Saudatu, babu hannun da zan yarda ya taɓa wurin nan sai naki." Ta ce daga wannan aikin za ta ajiye allura, tana so ya zama na ƙarshe da zai fita daga shagonta.

Kafin in amsa mata sai na ji ta bakinka. Ka san abin da aka karantar da mu game da masu yin surar mai rai. Ganye da gajimare da igiyoyin jirgi na gyara ban ji komai ba. Amma fuska? Fuskar abin da wasu suka taɓa bauta wa? Ka faɗa mini gaskiya, kada ka duba cewa ina son aikin.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ƙanwarka,
Saudatu


Tudun Wada, Zariya
Watan Afrilu

Saude,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ita da likita suna ta shari'a, ni ne ɗan kallo. Ki gaida maigidanki. Yaran kuma ki ce musu na amsa, da Hausa.

Na karanta wasiƙarki, na kuma duba hoton da kika haɗo. Waɗannan ai masu busa algaita ne aka ƙwace musu algaitun! Na arewan nan ya yi kama da Malam Ɗanjuma mai gyaran rediyo ranar da aka ce aikinsa bai yi ba. Mubina ta yi dariya har da hawaye.

To, zancen gaskiya. Iska baiwar Allah ce, umarni take bi. An hore wa Annabi Sulaimanu ita, an halaka Adawa da ita, ita ake aikowa da bushara kafin ruwa. Ba ta da gemu, ba ta da kumatu. Mutanen nan sun ga aikinta, ba su san Mai ita ba, sai suka yi mata fuska irin tasu. Na yarda gwanaye ne. Ni ma da na ƙura wa itatuwan nan ido na ji sanyi a wuyana. Amma gwaninta daban, halasci daban.

Itace da jirgi da gajimare, ki yi ta gyarawa. Fuska kuwa, ki janye hannunki. Kin san an ce ranar gobe za a ce wa mai yin sura ya hura mata rai. Ke da ko balan-balan ɗin bikin Radiyya ba kya iya hurawa, ina ke ina wannan?

Ki faɗa wa Baturiyar da lallashi. In mutuniyar kirki ce kamar yadda kike faɗa, za ta gane. In ba ta gane ba, Allah Ya ba ki wani wurin.

Amma ki turo mini hoton na kudun nan kusa-kusa. Ina so in ga yadda suka yi ruwan da ke zuba daga tulun. Don ilimi kawai.

Allah Ya yi miki albarka.

Yayanki,
Abdul-Samad


Fort Washington
Watan Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa da na yi shiru. Na karɓi amsarka, na gode. Allah Ya saka da alheri. Ga hoton tulun. Ka lura, ruwan ba launi ɗaya ba ne, shuɗi ne iri-iri har da fari, an jera su tsintsiya-tsintsiya. Daga nesa sai ka ji kamar zai jiƙa ka.

Na faɗa wa Debbie. Ban iya faɗa nan take ba, sai da na yi ta juya maganar a mota ina tsallaka gadar Potomac safe da yamma. Da na faɗa, sai ta ce, "To in na nuna miki wata hanya fa?" Ta sa muka juya dardumar. Ashe masu saƙar nan ta baya suke aiki. Ba sa ganin fuskar abin da suke yi, sai ƙulle-ƙulle da jelar zare. Kuma Yaya, bayan ya fi gaban kyau ta wajen launi, domin rana ba ta taɓa shi ba. Ganyen da ke shuɗi a gaba, a baya kore ne shar, kamar jiya aka rina. Na daɗe ina shafa wurin. Na ga inda wani masaƙi ya yi kuskure ya koma ya gyara, na ga inda zarensa ya ƙare ya ɗaura wani. Sai na ji kamar na san shi. Irin ƙullin Inna yake yi.

Debbie ta ce, "Kin gani? Ba fuska za ki yi ba. Ja nan, ruwan ƙasa nan, fari nan. Ni zan riƙa faɗa miki, ke kina sakawa."

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta so. Har na ɗauki allura. Sai na tambayi kaina, in na gama aka juya, me za a gani? Na ajiye. Na ce, "Debbie, idona ne ba zai gani ba. Ni na sani."

Ta ce, "Shekara nawa ina tsayar da aiki ki yi sallarki? Na taɓa ce miki wani abu? Abu ɗaya na roƙe ki."

Gaskiya ta faɗa. Ita ta share mini lungun bayan shago ta shimfiɗa kafet. Da azumi ba ta cin abinci a gabana.

Na kawo shawarar a cike ramin da ulu mai launin gajimare, a bar furannin suna fitowa haka nan. Raymond ya zo ya saurara da ladabi, ya ce a'a. Ya ce yana yaro a ƙarƙashin dardumar nan yake wasa a gidan kakarsa, saurayin nan ne abokinsa, yana so ya sake ganin fuskarsa kafin ya mutu. Ban ga laifinsa ba.

Yanzu Debbie ta ce ita za ta yi da kanta. Yaya, ina zaune a gefe ina gyaran igiyoyin jirgi, ina jin numfashinta. Zura zare a allura kaɗai yakan ɗauke ta tsawon lokacin da ni zan gama ganye guda. Allurar ta faɗi, ta lalubo, ta sake faɗuwa. Ba ta neman taimakona, ba ta kuma yi mini magana sai ta aiki. Da can tare muke shan shayi, yanzu ita kaɗai take sha a ofis. Baban Radiyya ya ce in bar wurin kawai, ga shagon ɗinkin wata 'yar Gana a Landover ana neman hannu. Ba aikin nake tsoron rasawa ba. Matar nake tsoron rasawa.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Yaya Mubina.

Ƙanwarka,
Saudatu


Tudun Wada, Zariya
Watan Yuni

Saude,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Wannan karon babu wasa a bakina.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Mubina ta ce na yi saurin yanke hukunci ina daga zaune a kan buzu, ban san matar ba, ban ga hannunta ba. Na yi mata faɗa, daga baya na ga ta fi ni gaskiya.

Na koma na bincika, na kuma je wurin Malam Hayatudeen na Ƙofar Doka, wanda ya fi ni zurfi a wannan fanni. Ya ce malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka tsananta a kan kowace sura. Akwai kuma manya a mazhabarmu da suka ce abin da aka haramta kai tsaye shi ne gunki mai jiki, mai inuwa. Wanda ke shimfiɗe a kan tufa ko takarda, abin ƙi ne kawai, wato makaruhi. Ya ƙara da cewa kai ne kawai ba cikakken jiki ba, kuma yau babu mai yi wa saurayin nan sujada, dattijo ne ke kewar ƙuruciyarsa.

Saboda haka na sassauta abin da na faɗa. Barin ya fi, amma in kin yi don ki ɗauke wa wannan baiwar Allah wahala, ban ce kin yi haramun ba. Haƙƙin zaman tare ma abin tambaya ne ranar gobe.

Na san ki tun kina wanke allonki har sai ya yi fari don tsoron kada wasali ɗaya ya rage. Ba na tilasta miki ko ɗaya. Ga ƙofa dai na buɗe, wadda ni na rufe da gaggawa.

Ruwan tulun nan kuwa, na nuna wa Malam Hayatudeen. Ya daɗe yana kallo, ya ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya koya wa ɗan Adam.

Ki rubuto da wuri. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.

Yayanki,
Abdul-Samad


Fort Washington
Watan Yuli

Yayana,

Assalamu alaikum. Na gode da wahalar da ka sha, ka miƙa godiyata ga Malam. Na karanta, na yi istihara, na sake ɗaukar allurar. Hannuna ya ƙi. Ba na ganin laifin wanda ya bi sassaucin, ni ce dai ban iya ba.

Amma washegari na je shago da wuri, na zura zare a allurai masu yawa, kowane launi da tasa, na jera wa Debbie a kan matashi. Ta shigo ta gani. Ta zauna ta ɗauki ta farko. Can da hantsi ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ruwan ƙasa ya ƙare." Na zura mata wata. Haka muka yi ta yi har aka gama.

Fuskar ta ɗan karkace ta hagu. Raymond ya tsaya gabanta ya cire tabarau, ya ce da ma haka yake tuna saurayin, kamar mai shirin tsokana. Debbie ta tambaye ni yaya na gani. Na ce kumatun hagu ya fi na dama. Ta ce, "Na sani, muguwa. Ɗora mana shayi."

Zancen zura zaren kuwa, Yaya, kada ka je wurin kowa neman fatawa. Na san abin da allurar za ta yi lokacin da nake zurawa. Wannan na bar shi tsakanina da Ubangijina.

Allah Ya ba ƙafa lafiya. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Saudatu