Rasuwar Injiniya Ghali, Wanda Ya Hau da Ruwa Tudun Kwamba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Kula da Ruwan Unguwa ta Kwamba, Suleja, ta samu labarin rasuwar mai ba ta shawara, Alhaji Injiniya Ghali Mahmudu, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin baƙo ne a garin nan, yana haya a gangaren unguwa, aikinsa kuma a Abuja. Ya tarar da mu cikin rigima, domin in an saki ruwa daga tanki gidajen gangare ke shanyewa, famfunan tudu kuwa sai huci, ba ko ɗigo. Shi ya bi bututan ruwan nan da ƙafa, ya zana su cikin kwamfutarsa, har ya zamana yana rufe bawul, wato makullin bututu, a allo ya ga inda ruwa zai hau, tun kafin mu ɗora hannu a kan na ƙarfe. Ni mai wannan sanarwa ban yi boko mai zurfi ba, amma bai taɓa ƙosawa da tambayata ba.

Abin da ba za mu manta ba shi ne, lissafin ya nuna bawul ɗin layin gidansa ne za a riƙa rufewa a ranakun da aka ware don ba tudu ruwa. Bai ɓoye ba, bai kuma karkata lissafi ba. Da hannunsa ya murɗa shi, har wasu maƙwabta suka daina amsa gaisuwarsa.

Ga shi tun ba a tashi zaman makoki ba, mun ji ana cewa a buɗe bawul ɗin, ai mai kwamfutar ya tafi. Don girman Allah, jama'a, kada a taɓa. Ranar jana'izarsa ba ranar ruwan gangare ba ce, famfon gidansa a bushe yake. Matan tudu ne suka sauko da bokitai, da ruwansu aka yi masa wanka.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, Hajiya Saudatu, da 'ya'yansa da 'yan'uwa baki ɗaya, Allah Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa duk ɗigon da ya hau tudu ya zame masa sadaka mai gudana.

Khamis Ɗantala
Kakakin Ƙungiya