Mabuɗin Ɗakin Batir

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka gama ɗora panonin wutar rana a kan rufin gidanmu. Mutanen furoje, masu ba da tallafin, sun zo da mota, sun ɗauki hoto, sun sha ruwa, sun tafi. Cikin gidajen haya da ke bayan kasuwar Wadata a nan Yamai, da namu aka fara, wai rufinmu ya fi ƙwari. Kowane ɗaki ampul biyu na haske, fanka ɗaya, da wurin sharjin salula. Batir-batir ɗin an jera su a tsohon ɗakin gawayi.

Abdou, wanda ya haɗa wayoyin, ya tara mu a tsakar gida. Ya ce wutar ta kowa ce, wuri ɗaya take taruwa. Ba dutsen guga, ba firigo, ba abin dafa ruwa. Wanda ya ja fiye da rabonsa, daga ɗakin maƙwabcinsa ya ja. Da ya tambaya wa za a ba mabuɗi, Inna Kadi, tsohuwar ɗakin ƙarshe, ta ce, "A ba Salamatu. Ko ɗiyar cikinta ba ta ɗaga wa ƙafa." Aka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na yi kolej, na san doka ba ado ba ce.

Hadiyya ta fi kowa dariya. Bazawara da ƴaƴa huɗu, kullum tana ƙofar gida baki buɗe da masu sayen ƙanƙara da bisap, wato zoɓo. Tuni na hana ɗiyata Farida zama a ɗakin matar nan.

Na sa wa mabuɗin igiya na rataya a wuyana.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Malam, mijina, ya yi karatun Alƙur'ani bayan Magariba ba tare da na riƙe masa cocila ba. Tun da ciwon sukari ya fara ci masa ido ban gan shi da fara'a haka ba. Farida ma ta baje littattafan jarrabawar bak, ta gama sakandare. Wannan shi ne amfanin haske. Sauran mutanen gida kuwa, an ba su ni'ima sun mai da ita ta kallon rawa a salula. Allah ya shirya.

Allurar sukarin Malam tana cikin ƴar randa da jiƙaƙƙen yashi, tun da firigonmu ya ƙone bara, ranar da wutar gari ta dawo da ƙarfi. Yanzu da sanyi-sanyi randar na isa. Ban son tunanin watan Afrilu.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi. Wutar gari takan yini ba ta leƙo ba. Tamu kuma ta fara ɗaukewa tun ba a gama tarawihi ba. Wani na sata a gidan nan.

Juma'a, 14 ga Maris

Na same ta. Waya baƙa, siririya, an biyo da ita ta bayan bangon makewayi, an rufe da ƙasa, har ɗakin Hadiyya. Babban firigonta na ƙanƙara yana ta gurnani kamar ba a taɓa yin doka ba.

Ban yi a ɓoye ba. Bayan La'asar na kira kowa, na kashe layin, na sa almakashi na yanke a gaban idonsu.

Ta ce, "Yaya Salamatu, ƙanƙarar nan ita ce tuwon ƴaƴana. Wata guda ne kasuwarta ke ci."

Na ce ta ciyar da su da halal, tun ba a watan azumi ba.

Ta yi wannan dariyar tata, sai dai ba ta kai ido ba. "Rana fa na ɗiba, Yaya. Ranar Allah, wadda ke gasa mu kyauta."

Na ce ranar ta Allah ce, batir na jama'a ne. Inna Kadi da ƙyar take numfashi in fanka ta tsaya, ita ma baiwar Allah ce. Ba wanda ya goyi bayana da baki, ba kuma wanda ya hana ni. Haka mutane suke, suna son a yi musu aikin, wani ya ɗauki baƙin jinin.

Farida ta sha ruwa ta juya mini baya. Na ce mata yarinyar da ke fushi don an tsai da gaskiya, ta binciki tarbiyyarta. Ta ce, "Ke kika ba ni ita, Mama." Da a gidan ubana ne a Damagaram, da bakin nan ya kumbura.

Asabar, 15 ga Maris

Wuta ta kai har asuba. Ashe ina da gaskiya.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Ƴaƴan Hadiyya da kayan bara. Na aika musu da cincin, an dawo da kwanon a wanke, ba saƙo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zafi ya sauka. Bango na ƙona baya, ruwan famfo sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala.

Malam na shan ruwa kamar ana zuba wa rami, yana fita makewayi ba iyaka. Ƙurjin da takalmi ya ji masa a babban yatsa ya ƙi kamewa. Yana cewa ba komai. Namiji in ya ce ba komai, to da komai.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun je asibiti. Lokotoro ya ɗaga kwalbar allurar ya duba a haske, ya tambaye ni ina nake ajiye ta. Na faɗa masa. Ya ce randa na taimako, amma a irin zafin bana, a ɗakin kwano, ba ta isa ba. Maganin ya mutu, ruwa nake ta soka wa mijina. Ya ce a sa sabuwar a cikin kula da ƙanƙara, a naɗe ta da tsumma kada ta daskare, kuma kullum a sake ƙanƙarar.

Kullum. Ya faɗa kamar ƙanƙara a bakin titi ake tsintar ta.

A taksi Malam ya ce, "Salamatu, kar ki sa wa ranki damuwa." Ina kallon masu tura amalanke a rana ina tunanin ni ce na riƙa soka masa ruwan da hannuna, da bisimilla.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ƙanƙara ta zama abin nema da rantsuwa. Duk mai firigo a Wadata wutar gari yake jira kamar mu. Farida ta je har unguwar Kalley, aka ce ta gwada wajen masu kifi a kasuwar Petit Marché. Ta dawo da leda, rabi ruwa, sauran kamar ƙwallon goriba. Ranar ba ta je lakwal ba, karatu ya wuce ta. Jiya ma haka.

Na kira Abdou in tambaye shi ko akwai hanyar da doka ta yarda a sa ɗan ƙaramin firigo saboda maras lafiya. Ya ce furoje ya rufe tun ƙarshen wata, masu ba da tallafin sun tattara sun koma. Shi kansa yana Agadas neman aiki. Na ce batir biyu sun kumbura kamar burodi. Ya ce, "Madam, zafi ne. Ku cire su, ku lallaɓa sauran." Na ce wa zai kawo sababbi? Ya ce, "Sai dai Allah."

To doka fa? Wa zan kai wa ƙara, wa zai ba ni izini? Sun bar mini mabuɗi sun tafi da ofishin.

Laraba, 23 ga Afrilu

Hadiyya ta koma wankau. Manyan ƴaƴanta biyu ta tura su ƙauye wajen uwarta, ta cire su daga lakwal. Firigon ta mai da shi wurin ajiye tufafi.

Na same ta a bakin famfo. Ta matsar da bokitinta ta ce, "Yaya, ina kwana. Yaya ƙafar Baba?" Na ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara. Shi ke nan. Da zagina ta yi da na san abin da zan ce.

Ba zan roƙe ta ba. Abin da ya haramta a watan Maris bai halatta a Afrilu ba don kawai ciwon ya shigo ɗakina. In na yi haka, me na koya wa Farida duk shekarun nan?

Lahadi, 27 ga Afrilu

An yi jana'izar wani tsoho a gidan da ke kallonmu. Ba ciwo, zafi kawai. Inna Kadi ta kama hannuna ta ce, "Salamatu, fankar nan ita ce raina, ki riƙe mana amana." Na ce in Allah ya yarda.

Yau ba a samu ƙanƙara ba ko kaɗan.

Litinin, 5 ga Mayu

Yatsan ya yi baƙi daga gefe. Yana wari, ina kunna turare ina cewa don sauro ne.

Juma'a, 9 ga Mayu

Tun farkon makon nan kula ba ta rabu da ƙanƙara ba. Ƙatuwa, tauri kamar dutse, ba alamar ta yi tafiya a rana. Farida ta ce wata mata ta samu a Kalley. Kuma ba ta fasa lakwal ba ko sau ɗaya. Kalley ta matso kusa, ke nan.

An ƙulle bakin ledar da jan zare, ƙulli biyu. Mutum ɗaya na sani a Yamai mai ƙulla leda haka. Shekara nawa ina share irin zaren nan a ƙofar gida ina mita.

Mabuɗin ina cire shi ne kawai in zan yi wanka. A kan taga nake ajiyewa.

Ban tambaye ta ba. Na gaji, kaina na ciwo. Gobe.

Talata, 13 ga Mayu

Sukarin Malam ya sauka. Ya ci tuwo, ya nemi ƙari, har ya tsokane ni wai miyar ta fi ta amarci.

Wutar gida kuma tana ɗaukewa tun kafin Isha. Yara na kuka a ɗakuna, kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Matan gida sun same ni. "Maman Farida, ke ce mai mabuɗi, ki bincika kamar wancan karo." Na ce batir sun tsufa, Abdou da kansa ya faɗa. Ba ƙarya na yi ba. Sun tsufa.

Ɗiyata ɓarauniya ce, ta saci mabuɗi daga uwarta, ta yi mini ƙarya ido cikin ido. Na rubuta don in gani a rubuce. Na gani. Ban ji abin da ya kamata in ji ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Inna Kadi ta suma da Magariba, jim kaɗan bayan fanka ta tsaya. Muka fito da ita, aka yayyafa mata ruwa. Hadiyya ta ruga ɗaki ta dawo da tsumma mai sanyi ƙarara ta ɗora mata a wuya. Ba wanda ya tambayi inda sanyin ya fito. Kowa ya gani, kowa ya kalle ni.

Da ta farfaɗo ta ce, "Wa ya kashe mini fanka?" Na ɗauko mafici na zauna a kanta har ta yi barci.

In na yanke wayar, Malam. In na bar ta, Inna. In ma ban taɓa komai ba, batir na uku ya fara kumbura, kuma ba girgije ko ɗaya a gabas. A kolej ba a koya mana wannan lissafin ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Lokotoro ya ce yatsan sai an cire. Ƙafar yana fatan za ta tsira in sukarin ya zauna yadda yake yanzu, in maganin bai sake mutuwa ba. In. Malam ya ce yatsa tara sun ishe shi zuwa masallaci. Farida ta fita waje ta yi kukanta.

Matan gida sun matsa, don haka da hantsi na zagaya da su bincike. Na buɗe ɗakin batir, suka leƙa, ba su san me suke dubawa ba. Muka bi ta bayan makewayi. Kafin su iso na riga su kaiwa kwanar, inda kaji suka tone ƙasa. Wayar ce, baƙa, siririya, an ɗaure inda na yanke da tsumman tsohon kallabina. Ko ɗaurin kirki yarinyar nan ba ta iya ba.

Babban turmi na nan jingine da bango. Na mirgino shi na kafa a wurin. Suka zo, suka duba, suka ce ba komai. Ɗaya ta daɗe tana kallon turmin, sannan ta ce rana ta yi zafi, a koma inuwa.

Na faɗa wa Inna Kadi daga yau ni zan riƙa zama da ita da mafici in wuta ta ɗauke. Ta ce, "Ke da ba ki son hira?" Na ce ba hira zan zo ba.

Dambu ya yi saura, na ba Farida ta kai ɗakin Hadiyya kada ya lalace. Ta tsaya tana kallona. Na ce ta wuce, kuma ta gyara ɗankwalinta, ba a gidan gala take ba. Ta daɗe a can. Ban kira ta ba, ina wanke wa Malam ƙafa.

Mabuɗin na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa. Igiyar ce ke cin wuyana da zufa.

Turmin kuwa, dama can nan ya kamata ya zauna.