Ka Gani, Ka Yi Shiru

Dogon Dutsi, ranar Laraba

Zuwa ga jikana Abdulwahid, maigidana na sama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani. Ruwa ya sauka sosai wajen Matankari, gero ya kai ƙugu, Alhamdu lillahi. Ƙanwarka Rahina ta so ta rubuta mini, na ce a'a, karatun manyan da na yi ba don ado na yi shi ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, ba ni kaɗai ce mai kauce hanya ba a zuri'ar nan.

Rahina ta kunna mini saƙon muryarka har sau uku. Abin da na gane shi ne, ku biyu ne a gaban jirgi, kumandan da kai mataimakinsa. Shi yake buga lambobin hanya cikin na'ura, kai kuma aikinka ka duba takardarka ka ce daidai ne ko ba daidai ba. Ya buga lamba ɗaya ba yadda take ba, idonka ya gani, bakinka ya ce daidai. Jirgi ya miƙe inda ba a aike shi ba, da rana tsaka, da mutum ɗari da arba'in a bayanka, har masu tsaron sama daga ƙasa suka yi ta kiranku don kun doshi hanyar wani jirgin. Allah Ya kiyaye. Yanzu an dakatar da ku, ran Litinin ta sama za ka zauna gaban masu bincike, daga nan a san ko za ka sake tashi.

Ka ce wai kumandan sa'an babanka ne, yana da furfura, ka ji nauyinsa. Kai maigida! Ni da nake zaga kasuwa ina cewa mijina ya fi shaho ido, ashe ɗan rakiya aka ɗauka. Da zaman shiru ake nema a kujerar nan, ai da buhun gero suka ɗora, ko abinci ba ya ci. Don mi aka sa mutum biyu? Ko ɗan kabu-kabu mai babur in ya ɗauki wata hanya ana taɓa kafaɗarsa.

Sai dai ba zan ɗora maka duka ba, don na san inda ka koyo. Kana shekara tara muka taso daga Dogon Kiriya a amalanke, marigayi kakanka ke riƙe da igiya. A mararraba ya bi dama, ka ce masa hagu ce, ka gane tsohon gawon nan. Gaban baƙi biyu da muka rage wa hanya ka faɗa. Ni na make bakinka da bayan hannu har leɓenka ya fashe, na ce yaro ba ya gyara wa babba. Muka yi ta yawo cikin rairayi har la'asar, ruwan gora ya ƙare, san da ke jan amalanken ya durƙusa, sai da wasu Fulani makiyaya suka mai da mu kan hanyar da ka nuna. Da muka iso gida ba wanda ya ce yaron nan ya yi gaskiya. Sai yabonka muka shiga yi, wai ka yi hankali, ka daina tsoma baki. Abin da babba ya shuka shi yaro ke girba, ga shi ka kai mana girbin har sama. Ka yi gaskiya ran nan, Abdulwahid, hagu ce. Ka yafe mini.

Shekaranjiya aka yi taron gida a kanka. Baba Yaro, yayan kakanka, ya ce a gaya maka ka ce ba ka ga lambar ba, rana ce ta haske maka ido, kada ka tozarta dattijo yana dab da barin aiki. Babanka Mani ya sunkuyar da kai ya ce to. Kawunka Salman, mai karatun faransanci da zaman buro, wato ofis, shi ma ya ce to. Na dube su, maza uku, na ga kujerarka ce sak. Sai na miƙe da gwiwar nan tawa na ce wa Baba Yaro ya ɓata hanya, ƙarya yake aika wa yaro. Shekara hamsin da biyu ina gidan nan ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce tsufa ya taɓa mini kai, ya ɗauki sandarsa ya fita. Amma ka ga ban mutu ba.

To ga nawa saƙon. Ran Litinin ka ce musu ka gani, ka yi shiru, don nauyin furfura. Kada ka ƙara wa kumandan laifi, kada ka rage naka. Mai yiwuwa su ƙwace takardar tuƙinka, ban san dokarsu ba, kuma na san wahalar da ka sha kafin ka same ta. In sun ƙwace, ka dawo, gonar Matankari tana nan. Amma in ka tsira da ƙarya ka koma kujerar nan, to ka sani ko Makka aka biya mini ba zan hau jirgin da kake ciki ba, kuma ba zan bar uwar kowa ta hau ba.

Rahina da mijinta suna gaishe ka. Babanka yana gaishe ka, ko da yake tun ran taro bai haɗa ido da ni ba. Ka gaida matarka Bushira, ka shafa mini kan Amira. Baba Yaro bai ba da gaisuwa ba, ni kuma ba zan rubuta abin da ban ji ba.

Allah Ya buɗe bakinka. Wassalam.

Ni ce kakarka,
Balki