Kibiyar Kitsonki da Gidan Zanzaro

Murja,

Na ga kina barci, ban tashe ki ba. Albishirinki! Warin banɗakin jirgin ruwan da nake aiki a ciki, wanda shugaban jirgin, Rayyis Fadl, ya rantse zai kore ni a kansa, ya tafi, khalas! Mako uku ina ta dirza, ashe zanzaro ne ya toshe bututun iska da gidansa. Jiya na zungure shi. Rayyis har goshina ya sumbata!

Na wuce tashar jirgin ruwa ta Ma'adi, yau 'yan biki za mu ɗauka.

Ma'alish, ki yi haƙuri, kibiyar kitsonki ce ta yi aikin. Na wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, amma don Allah kada ki kai ta kan Hajiya Wijdan idan ta zo kitso.

Mijinki injiniya,
Harun