Fiyano Cikin Bargo

Barking, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Zarah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu da sanyin Leeds? Mun tashi daga Plumstead ranar Juma'a. Sabon flat ɗin hawa na biyu ne, babu lif, amma da haske. Kayanki duk sun iso. Fiyanon ma yana nan. Ki yi ta addu'a.

Mahaifinki, Maharazu

Leeds, 8 ga Maris

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa tare da fatan an huce gajiya. Gwaggo Murja ta ce ta ga abokinka Alhaji Wahabu yana ɗingishi da bandeji a ƙafa, wai a wurin tashinmu ya ji ciwo. Baba, ba na turo maka lambar masu ɗaukar fiyano ba? Ka ce ka yi booking. Fiyanon nan shi kaɗai ya rage min daga hannun Mama. "Yana nan" bai ishe ni ba.

'Yarki mai biyayya, Zarah

Barking, 15 ga Maris

Zarah,

Sallama da gaisuwa. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, shi ya sa na rubuto.

Na yi booking, sai na yi cancel. Mutanen masallaci suka ce ba za a yi tashi suna zaune ba, kin san halinmu, ƙin karɓar taimako zagi ne. Mutum shida suka zo bayan sallar Juma'a. Ni kuwa kunya ta hana ni su ga kayan kiɗa a gidana. Na naɗe shi da barguna, na ɗaure da igiya, na ce musu kabad ɗin littattafai ne.

Suka ɗauke shi kamar kabad. Suka kifa shi a mota, suka yi ta jan sa a matakala. A kwanar hawa na farko ya kuɓuce, ya danne ƙafar Alhaji, ya saki wata ƙara da duk ginin ya ji. Alhaji yana riƙe da ƙafa ya ce, "Maharazu, littattafan naka waƙa suke?" Na ce na tsohon mai gida ne.

Mai gyara ya zo jiya, ya ce ƙarfen cikinsa ya tsage, ba ya gyaruwa. Na lalata miki abin mahaifiyarki, na yi ƙarya a gaban mutane har sau biyu. Ko abinci ba ya min daɗi. Ki yafe ni.

Mahaifinki

Leeds, 22 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi kuka na gama, fiyanon na yafe. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne "na tsohon mai gida". Shekara goma kana kai ni koyon fiyano duk Asabar, ashe a ɓoye kake kai ni.

In ka je duba ƙafar Alhaji, ka gaya masa na waye. Sannan ka kira ni.

'Yarka, Zarah